Abin da ta rubuta a kan gidana

Ban ƙi zuwan ma'aikatan walwalar yara gidana ba, har gobe kuma ba zan ƙi ba. Makarantar ɗana ce ta kai rahoto da azumi, wai yaro ɗan shekara 9 ba ya taɓa abincin rana, yana ta gyangyaɗi a aji. Haka aka yi. Rabin yini yake yi, kamar yadda aka saba mana a Zariya muna ƙanana, shi ne ma ya nace don ya ga yayarsa tana yi. A nan Ingila idan malama ta ga abin da bai kwanta mata ba game da yaro, dole ta faɗa. Ban riƙe ta ba.

Wadda ƙaramar hukuma ta turo ce na kai ƙara.

Ta leƙa firji, ta duba ɗakin kwanan yara, ta keɓe da yaron. Duk wannan aikinta ne. Amma da ta zo kan surukata, wadda ba ta jin Turanci, sai ta juya ga 'yata mai shekara 13 ta ce ta yi tafinta. Me za ta tambaya? Ko ni da babansu muna faɗa, ko yana dukana. Yarinya ta tsaya tana kallon ƙasa, ta rasa bakin da za ta yi wa kakarta wannan tambaya. Hajiya ta ce, "'Yar nan, me take cewa ne kika yi tsuru-tsuru?" Na ce a kirawo tafinta, ko ta waya ce. Ta ce ba ta da lokaci.

Da za ta tafi, a bakin ƙofa, maƙwabciyarmu na fitar da shara tana jin komai, ta ce idan ba mu ba da haɗin kai ba ana iya ɗauke yara.

Rahoton ne ya fi ƙona min rai. Ta rubuta cewa muna tilasta wa yaro azumi daga asuba har faɗuwar rana. Ta rubuta cewa uban ya ƙi yarda a gana da shi, alhali mutumin nan ya sauya aikin darensa ya zauna jiranta, ita ce ta aiko saƙo da rana tsaka cewa ba za ta samu zuwa ba. Saƙon yana nan a wayarsa. Irin wannan takarda tana zama a fayil shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe daga baya abin da zai sani game da mu ke nan.

Matan unguwarmu, 'yan Najeriya da 'yan Sudan, bakinsu ɗaya: ki yi shiru, kada ki tsokano tsuliyar dodo. Na san inda tsoron ya fito. Sai dai da na kira layin ba da shawara na Family Rights Group, wata ƙungiyar agaji mai taimaka wa iyalai a irin wannan lamari, aka warware min abin. Ma'aikaciyar walwala ba ta da ikon ɗauke yaro don ta ga dama. A ƙarƙashin dokar yara ta 1989, sai da umarnin kotu ko yardar iyaye. 'Yan sanda ne kaɗai ke iya riƙe yaro cikin gaggawa, su ma ba su wuce awa 72. Ashe barazana ce ta yi mana a gaban maƙwabta.

Na rubuta ƙorafi. Ban zage ta ba, ban ce wariya ce ba, ko da yake zuciyata ta raya min. Na jera abu uku: sa yarinya tafinta, maganar bakin ƙofa, da kurakuran rahoton, na haɗa hoton saƙon da ta aiko. Na kuma nemi kofin duk abin da suka rubuta a kanmu, wanda doka ta ba su wata ɗaya su bayar.

Ƙorafin mataki uku ne. A na farko shugabanta ne ke amsawa cikin ranakun aiki 10, ko 20 idan abin na da sarƙaƙiya. Amsar da ya aiko ta ban haushi ta ban dariya: yana ba ni haƙuri idan har raina ya ɓaci. Ya yarda sa yarinya tafinta kuskure ne, an kuma sauya mana ma'aikaciya, wata dattijuwa mai cire takalmi kafin ta taka kafet. Amma rahoton, wai ba za a goge komai ba, sai dai a liƙa bayanina a gefe.

Ban yarda ba, na nemi mataki na biyu, inda mai bincike ke aiki tare da wani da ba ma'aikacin hukumar ba, ranakun aiki 25 zuwa 65. Bayansa akwai kwamitin mutum uku, sannan ofishin sauraron koke kan ƙananan hukumomi. Wasu sun ce in kai ma'aikaciyar farko Social Work England, hukumar da ke riƙe da rajistar ma'aikatan walwala tun 2019. Ban kai ba, ba abincinta nake son tsarewa ba. So nake a gyara layin da ya ce mijina ya ƙi zuwa, da wanda ya ce muna tilasta wa yaro azumi. Mai binciken ta sa mana rana bayan hutun makaranta, Hajiya ma ta ce sai ta je, da tafinta.