Kumbon da ya girme ni

Jiya a fadarmu nan Tawa wani ƙanena ɗan jami'a ya ɗauko zancen kumbon Voyager 1, har shayi ya huce ba mu lura ba. Amurka ta harba shi a 1977, zamanin shugaba Kunce ke nan fa! A 2012 ya ƙetare iyakar da iskar da rana ke busowa take ƙarewa. Yanzu nisansa ya haura kilomita miliyar 24, saƙonsa sai ya yi kusan kwana guda a hanya.

Abin da ya ɗaure mini kai, a 2023 kwamfutarsa ta rikice, injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka gyara ta daga ƙasa a 2024, ba wanda ya taɓa ta da hannu. Ikon Allah! Wutarsa ce ke raguwa yanzu, shi ya sa suke kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya don ya ƙara ƴan shekaru.