Abin da Aiki Ya Koya Mini Game da Jif Mai Jan Taya Huɗu

Tambayar da masu jif suka fi yi ita ce: "Yaushe zan sa 4H?" 4H shi ne saitin da ke sa tayoyi huɗu duka su ja a gudun da aka saba. Darasin farko da aikin gyara ya koya mini shi ne, amsar tana ga irin motar, domin ba duka jif ne iri ɗaya ba. Akwai wadda kullum tayoyinta huɗu suna ja, kamar Land Cruiser Prado, tana da na'ura a tsakiya da ke barin aksul (ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyi) na gaba da na baya su juya kowanne da gudunsa. Akwai kuma irin Fortuner ƙirar baya-bayan nan, wadda tayoyin baya ne ke ja a 2H, sai direba ya sa 4H sannan na gaba su shigo.

A wannan ta biyun ake yawan ɓarna. Idan aka sa 4H, ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi yana ƙulle gaba da baya wuri guda. To amma a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A taɓo ko rairayi taya na ɗan zamewa, ƙarfin ya fita. A busasshiyar kwalta kuwa babu inda zai fita, sai ya taru a farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul) da haƙoran giya. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, taya na ƙugi, motar na tirjewa kamar an riƙe ta. Wani lokaci giyar ma ta ƙi fita. Kada ka tilasta mata: miƙe sitiyari, ja da baya mita kaɗan, za ta saki.

Shi 4L, wato jan taya huɗu da ƙaramar giya mai ƙarfi, na hawan tudu mai duwatsu ne da fita daga kafewa. A yawancin motoci sai an tsaya cak, an sa giya a N, wato furi, kafin a shige shi. Ba na gudu ba ne.

Taya ma abin kula ce fiye da yadda ake zato. Duka huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, musamman a motar da ke jan huɗu kullum. Sabuwar taya guda a cikin tsofaffi uku tana juyi daban, na'urar tsakiya ta yi ta aikin da bai kamace ta ba har ta yi zafi. A riƙa musanya musu wuri duk kilomita 10,000. A rairayi mai laushi, rage iska zuwa kamar PSI 18 a ma'aunin iskar taya don taya ta baje, a tafi a hankali, a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Ruwa shi ne ke cuta a ɓoye. Kowa ya san idan ya shiga ta bututun iska injin zai ƙulle, sandar fistin ta lanƙwashe. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da ita. Abin da ba a cika sani ba shi ne aksul. Yana da ɗan ƙaramin bututun numfashi, idan aksul ɗin ya shiga ruwa da zafinsa sai ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa. Bayan an tsallake ruwa mai zurfi, a kwance noti a duba man aksul. In ya yi fari-fari kamar madara, a zubar a zuba sabo, kafin boris ya fara kuka.

Jif ɗin da ba ta barin gari ma, a sa mata 4H sau ɗaya a wata, a yi 'yan kilomitoci a hanyar ƙasa, don mai ya zagaya.

Abin da ya fi damuna shi ne iyali. Jan taya huɗu yana taimakon mota ta tashi, ba ya ƙara mata birki ko kaɗan. Jif ta fi ƙaramar mota nauyi da tsayi, saboda haka kifewa ta fi kusa da ita idan aka fizgi sitiyari da gudu. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa cikin but, a ɗaure, kada a jibga su a rufi. Adadin nauyin da aka yarje mata yana cikin littafinta, kuma da mutane ake lissafinsa. Idan an buɗe kujerun layi na uku, yaran da ke can ma kowa ya ɗaura bel ɗinsa.