Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gindin Dutse

Makon jiya na tsaya inda Goggo ta ƙulle min dakkuwa da kilishi a leda tana share hawaye. To, cikin watan Afrilun 1999 na hau jirgin ƙasa daga Ngaundare, muka kwana muna tafiya har Yawunde, daga nan sai mota zuwa Duwala, sai Limbe, garin bakin teku a kudancin Kamaru. Baba har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa cewa Limbe ba. Biktoriya yake kiranta, ko da yake tun 1982 aka canja sunan. Can ya ci ƙuruciyarsa yana fawa, ma'aikatan gonakin ayaba da kwakwar manja su ne masu sayen namansa.

Yana da wata magana da muka haddace tun muna yara: "Wanda ya kwana a gindin dutsen nan ba ya ɗaga wa ɗan'uwansa murya." A lokacin na ɗauka labarin tsofaffi ne kawai.

Abin da ya fara kama idona yashin bakin teku. Baƙi ƙirin, kamar an daka gawayi an shimfiɗa. Ni ɗan Arewa, ruwan da na sani Binuwai ne, sai ga ruwa ba gaɓa ta biyu. Ka juya baya kuma ga Dutsen Kamaru, sama da mita 4,000, kansa a lulluɓe da gajimare. Zufa ba ta bushewa a jiki. Rigar da na wanke ranar da na sauka sai da ta kwana biyu a igiya.

Amma ba kallo ya kai ni ba. Rumfar Baba da ɗakinsa na je tambaya, waɗanda ya bar wa Baffa amana. Daren farko aka saya min gasasshen kifi daga Down Beach, bakin tekun da masunta ke sauka, aka yi ta tambayar mutanen gida. Da safe na ce, "Baffa, Inna ce ta aiko ni kan maganar rumfa." Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kai har ka isa? Ubanka ma bai titsiye ni ba." Maƙwabta na ji. Ashe an sayar tun shekara huɗu da suka wuce, ko sefa ɗaya ba ta iso hannun marayu ba. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana kwana a gindin dutsen!

Dutsen kuwa tun ƙarshen Maris yake aman wuta. Ɗan Baffa, wanda har gobe ina ganin girmansa, ya ga na ƙi cin abinci, ya ce, "Yaya, zo mu je ka ga ikon Allah." Ya goya ni a babur muka nufi Bakingili, kan hanyar Idenau. An riga an kwashe mutanen ƙauyen. Narkakken dutse ya gangaro ya ratsa gonar kwakwa ya haye kwalta, ya taru ya fi soro tsayi. Samansa baƙi, amma idan ɓangare ya zame sai ka hango ja a ciki kamar maƙera, yana ƙara irin ta fasassun tukwane. Zafin ya hana mu matsawa. Saura ƙiris ya kai teku ya tsaya. Wani dattijo ɗan ƙabilar Bakweri, mutanen gindin dutsen, da ke tsaye gefe ya ce su Mongo ma Loba suke kiran dutsen, wato dutsen Allah. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na yi kukan da ban yi a gaban Baffa ba. Nan na gane Baba ba tatsuniya yake mana ba.

A 2019 da matatar man Limbe ta kama wuta, yara suka nuna min a waya, ban ga wutar ba, fuskar Baffa na gani da kofin shayinsa. Lokacin ya daɗe da rasuwa. Na je ta'aziyya, kada wani ya ce ban je ba. Amma masu cewa na yafe rumfar su daina, domin ba tawa ce ni kaɗai ba, mu bakwai ne, huɗu mata.

Kwana tara na yi. Kuɗin mota ma ɗan nasa ne ya cusa min a aljihu a ɓoye. Yadda na shiga gida na fuskanci Inna hannu wofi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.