Bishiyar nasabar da na zana ba daidai ba

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka ba ni aikin tantance dangantakar ƙwayoyin cutar tiripanosoma, masu jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane. Ma'aunina shi ne ƙwayar gado ta 18S, wadda ake gina ribosom da ita, wato injin ƙera furotin na jikin kowace halitta. Sauyawarta a hankali take ƙwarai, shi ya sa ake tono tsohuwar nasaba da ita.

Na zuba nau'i shida a kwamfuta ta fitar mini da bishiya. Trypanosoma brucei na Afirka ya ware can gefe shi kaɗai, shi kuwa T. cruzi na Kudancin Amurka, mai jawo cutar Chagas, ya matso kusa da Leishmania, wata ƙwayar cuta da ba tiripanosoma ba ce. Na garzaya wurin malamina baki har kunne. Ya duba, ya ce, "Ramin da manya suka faɗa a farkon shekarun 1990 ka faɗa. Je ka ƙaro dangi."

Ashe reshen brucei ya fi saura saurin sauyawa, shi ya sa lissafin ke jan shi zuwa gindin bishiya kamar bare. Da na ƙara na kifi da tsuntsaye da jemagu da kada, sai reshen ya fara komawa cikin 'yan'uwansa. Masu binciken da suka gwada da wata ƙwayar gado, gGAPDH, su ma gida ɗaya suka sami tiripanosoma duka. A nan na ga abin da ya ba ni mamaki: T. grayi na kada, ƙudan tsando ne ke ɗaukarsa kamar yadda yake ɗaukar brucei, amma ba ɗan ɗakin brucei ba ne. Shiga mota ɗaya kawai ya haɗa su.

Sai kuma 18S ta nuna mini iyakarta. T. evansi da ke ramar da raƙuma a Nijar da arewacin Najeriya ba ya buƙatar ƙudan tsando, wasu ƙudaje masu cizo ne ke yaɗa shi, amma a ma'aunina da ƙyar ya bambanta da brucei. Haka gambiense, wato nau'in brucei mai kama mutum, da ɗan'uwansa mai kama dabba kawai. Na ɓata mako biyu ina zargin na'ura kafin na yarda cewa raba waɗannan sai da wata ƙwayar daban, irin su TgsGP. Babi na uku na kundin bincikena gaba ɗaya sai da na sake rubuta shi.