Abin da nazarin kalmomin Turanci ya koya mini

Shekarun da na yi ina karatun Turanci, da waɗanda na yi daga baya ina duba rubutun ɗalibai, sun tabbatar mini cewa yawan kalmomin da mutum ya haddace ba shi ne ma'aunin iya harshe ba. Ɗalibi yakan cika littafi da jerin kalmomi, kowace da ma'anarta a gefe, amma da an ce ya gina jimla da ɗaya daga ciki sai ya yi turus, ko kuma ya jefa ta a gurbin da ba nata ba. Sanin kalma ya ƙunshi sanin waɗanda take tafiya da su, da irin zancen da ake shigar da ita, da abin da ya raba ta da 'yan'uwanta.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya shafi kalmomi masu kusancin ma'ana. Da wuya a sami kalmomi biyu na Turanci da za su maye gurbin juna a ko'ina, kuma tarihin harshen yana da hannu a cikin haka. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a, Latin na harshen coci da ilimi, talakawa kuwa suna ta Turancinsu. Shi ya sa abu guda yakan sami kalmomi uku, kamar "ask" da "question" da "interrogate". Ta farko ta asali ce, ita ake faɗa yau da kullum, ta biyu ta shigo daga Faransanci, ta ukun kuma daga Latin, kuma aikin mai bincike ne a kan wanda ake tuhuma. Ɗalibin da ya ɗauki ta ukun don ya ce ya tambayi malaminsa ranar jarrabawa bai karya nahawu ba, sai dai ya mayar da malamin mai laifi. Haka "slim" da "thin" da "skinny" duk siranta suke nufi, amma ta farko yabo ce, ta biyu bayani ne kawai, ta ukun kuwa kushe ce.

A nan ne nake ganin ake yi wa ƙamus ɗin makusantan kalmomi mummunar fahimta. Peter Mark Roget, wanda likita ne, ya fitar da nasa a 1852, inda ya tara kalmomi rukuni-rukuni bisa ma'ana maimakon jerin haruffa. Babban amfanin irin wannan littafi shi ne ya tuna wa marubuci kalmar da ya riga ya sani ta kuɓuce masa. Wanda ya tsinci baƙuwar kalma a ciki don kawai ta fi tsawo, ya dasa ta a rubutunsa ba tare da ya ga yadda ake amfani da ita ba, yakan fito da jimlar da Bature ba zai faɗa ba. Turawa suna cewa "heavy rain" da "strong wind", kuma babu wata ƙa'idar nahawu da za ta gaya maka dalilin da ya sa ba a musanya "heavy" da "strong" a nan. Yawan karatu da sauraro ne ke koya wa kunne.

Kishiyoyin kalmomi kuwa na same su hanya mafi sauri ta gane wace ma'ana ake nufi. Kishiyar "old" ita ce "new" idan ana maganar kaya, "young" idan ana maganar mutum, kamar yadda "light" ke da "heavy" a nauyi da "dark" a haske. Sai dai ɗafa-goshi, wato ƙarin da ake liƙa wa farkon kalma, yakan yaudari mai koyo. An saba ganin "un-" da "in-" da "dis-" suna juya ma'ana, amma "invaluable" na nufin abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta, "inflammable" kuma na nufin mai saurin kama wuta, daidai da "flammable", kuma ɗaukar ta a matsayin kishiyarta kuskure ne da ba na jarrabawa kaɗai ba idan rubutun a jikin gwangwani yake.

Wannan ya sa na fi karkata ga ƙamus ɗin masu koyo, irin wanda A. S. Hornby, wani malamin Turanci ɗan Ingila, ya shirya, aka buga a 1948, domin yana kawo jimlolin misali. Yanzu duk kalmar da ta shiga littafina tana samun rabin shafi: jimlar da na tsince ta a ciki a sama, makusantanta biyu da abin da ya bambanta su a tsakiya, kishiyarta a wannan ma'anar, sannan jimla tawa ta kaina a ƙasa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, don haka nakan koma wa shafin washegari, in sake bayan mako, in rufe jimlar sama da hannu in gwada kawo wata sabuwa.