Talata, Ranar da Na Riƙe Zaren Fendulum

Yau ne karo na farko da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje tun da muka hau aji uku na babbar sakandare, alhali jarrabawar WAEC tana tafe, kuma a cikin takardu uku na fiziks akwai guda ɗaya ta gwaji da hannu. Mu takwas muka taru a kan fendulum ɗaya, wato ɗan dunƙulen ƙarfe da aka rataye da zare, domin kayan aikin ba su isa kowa ba.

Shekara guda ke nan da na haddace ƙa'idar lissafinsa kamar karatun allo, amma ban taɓa fahimtar abin da take faɗa ba sai yau. Da muka sa tsawon zaren santimita 25, zuwa da dawowarsa ya ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya, da muka mayar da shi santimita 100 kuma sai ya ɗauki kusan daƙiƙa biyu. Ashe sai an ninka tsawon sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu. Malam ya sauya dunƙulen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin bai sauya ba, ya kuma ce masanin kimiyya Galileo ya lura da irin wannan tun fiye da shekaru 400 da suka wuce.

Duk da haka, sakamakona bai fito daidai ba. Ƙarfin jan ƙasa, wanda muke lissafowa daga tsawon zaren da lokacin lilo, ya kamata ya zo wajen 9.8, ni kuwa na samu 10.9. Na maimaita lissafin sau uku, har idona ya kawo ruwa, kafin Malam ya tsaya a kaina ya ce in ƙirga yana ji. Nan take ya gano cewa ina faɗin "ɗaya" a daidai lokacin da na saki dunƙulen, don haka lilo 19 nake ƙirgawa a matsayin 20. Ya ce, "Yarinya, lissafinki ba shi da laifi, ƙirgarki ce ta yi gaggawa."

A ganina wahalar fiziks ke nan a wurinmu: sai ka fassara tambayar daga Turanci a cikin kanka, ka fahimci abin da ke faruwa, sannan ka zo ga lissafi, kuma tuntuɓe ɗaya ya isa ya rushe duka. Ga shi ba yadda zan yi in kauce masa, tunda likitanci nake so, kuma JAMB ba ta karɓar wannan fanni ba tare da fiziks ba.

Bayan sallar isha'i babu wuta, sai na ɗaure kwaɗon ƙofa da zaren ɗinkin Umma mai tsawon mita ɗaya, na rataye shi a ƙusa, ƙanena yana riƙe da fitila da agogon waya. Na fara ƙirga daga sifiri, lilo 20 suka ɗauki daƙiƙa 40. Gobe da safe za mu fara darasin lantarki da maganaɗisu, kuma ban buɗe babin ba tukuna.