Abin da rabon allurar korona ya koya mini a Katsina

Ranar 2 ga Maris, 2021, aka sauke allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 a Abuja ƙarƙashin COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, kuma kowane mutum sau biyu ake yi masa. Kason Katsina ma sai da aka kasa shi ga ƙananan hukumomi 34. Mu da ke aikin rigakafi a cibiyoyin lafiya na matakin farko mun saba da bin gida-gida muna roƙon iyaye su kawo yara, ba mu saba da zaɓen wanda za a yi wa da wanda zai jira ba.

Tsarin da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) ta fitar ya sa ma'aikatan lafiya a gaba, sannan masu shekara 50 zuwa sama da masu ciwon suga ko hawan jini. Ban ga son kai a wannan ba, domin mutum na farko da aka tabbatar cutar ta kashe a jihar nan likita ne a Daura, a watan Afrilun 2020, kuma duk likitan da ya kwanta, marasa lafiya da yawa ne suka rasa mai duba su. Haka nan na ga hujjar yi wa shugabanni a gaban kyamara, kamar yadda aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari ranar 6 ga Maris, 2021, ganin cewa jama'armu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano a 1996 ba, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Amma wannan hujja ta shugaba ce shi kaɗai, ba ta rufe 'yan rakiyarsa da iyalansu ba.

Inda na fi koyon darasi shi ne a kan kwalba. Kowace kwalba ta mutum goma ce, kuma da zarar an buɗe ta, sa'o'i shida take da su. Idan masu haƙƙi bakwai suka zo, ragowar ukun ko dai a yi wa wasu ko a zubar, kuma ta wannan ƙofa alfarma ke shigowa, domin wanda ke tsaye a bakin ƙofa da yamma galibi ɗan boko ne mai waya da abin hawa, ko mai neman katin shaida don tafiya waje. Tsohon da ke ƙauye da hawan jini, wanda ya fi kowa shiga haɗari, ko labari bai ji ba, ko ya ji ƙarya ya tsorata. Tun daga nan na daina ɗaukar layi a matsayin ma'aunin adalci. Abin da ya yi mana amfani shi ne rubuta sunayen tsofaffi tare da mai unguwa tun da safe, a aika a kira su idan an samu ragowa, sannan a faɗi ƙa'idar a fili kowa ya ji. Idan babban mutum ya turo nasa, ina iya cewa, "Ranka ya daɗe, ga jerin da muka rubuta a gaban mai unguwa," ba tare da na ci masa fuska ba.

Da Indiya, inda aka sarrafa allurar da aka kawo mana, ta dakatar da fitar da ita, sai umarni ya zo a watan Afrilun 2021 cewa a daina yi wa sababbin mutane da zarar an ci rabin kaso, a ajiye sauran don zagaye na biyu. Na bi umarnin, kuma na yarda cewa wanda aka yi wa ta farko an ɗaukar masa alƙawari. Duk da haka, mayar da dattijo gida alhali firji cike yake abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma har yau ina ganin ya cancanci a bar wata 'yar ƙofa ga masu tsananin rauni.

A watan Disamba na 2021 aka lalata allura sama da miliyan 1 a Abuja, domin ƙasashen da suka ba da ita kyauta sun riƙe ta sai da wa'adinta ya kusa ƙarewa. A watan Afrilu muka nemi wannan allura ido rufe, lokacin da take jibge a rumbunansu.